Kuɗin 'Yan Rakiyar Naƙuda A Amurka: Doka Ta Yarda, Takardu Sun Tare Hanya

Ya Edita,

Mai wannan wasiƙa tana roƙon fili domin wata magana da ta shafi matan Hausawa mazauna Amurka, musamman na unguwar Bronx a birnin New York, inda 'yan Ghana da Nijar da Najeriya suka yi kaka-gida.

A gida, mai cikin fari takan koma wurin iyayenta goyon ciki. Ranar da naƙuda ta tashi ga uwa, ga goggo, ga kaka. Wannan ta riƙe mata baya, waccan ta ɗora ruwan zafi. A Bronx kuwa uwar tana Kumasi ko Damagaram tana jiran biza, mijin yana wurin aikin da ba a barinsa. Sai wata maƙwabciya da ta ga jiya ta ga yau ta ajiye sana'arta ta bi ta asibiti, ta kwana a kan kujera, gari ya waye ta koma gida da "Allah ya saka da alheri". Wannan hidima tana da suna a ƙasar, kuma tun daga ranar 1 ga Maris 2024 gwamnatin jihar New York tana biyan kuɗi a kanta.

Sunan mai yin ta dula, kalmar da aka aro daga harshen Girka. Ba ungozoma ba ce. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibiya, ba ta ba da magani. Aikinta ta zauna da mai naƙuda daga farko har ƙarshe, ta danna mata ƙugu, ta tuna mata yadda za ta ja numfashi, ta ƙarfafa mata guiwa ta tambayi likita abin da bai kwanta mata ba, bayan haihuwa kuma ta riƙa leƙo ta ana ganin yadda shayarwa ke tafiya. Likitocin yara biyu, Marshall Klaus da John Kennell, suna cikin waɗanda suka fara auna amfanin wannan zama a wani asibiti a Gwatamala, aka buga sakamakon a 1980. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi mata fiye da 15,000, ta ga cewa macen da aka zauna da ita ba yankewa naƙudarta ta fi gajarta, kuma yiwuwar a yi mata tiyata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Amurka tana da dalilin sauraren wannan bincike. Alƙaluman 2021 na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, sun nuna mata 1,205 suka rasu saboda ciki ko haihuwa a shekarar. A cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata 69.9 suka mutu, farare 26.6. Bahaushiyar Bronx tana cikin rukuni na farko idan aka zo lissafi. Shirin Medicaid kuwa, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa a 1965, shi ke biyan kuɗin kusan haihuwa huɗu cikin goma a ƙasar. Duk abin da Medicaid ta yarda ta biya ya isa ga talaka. Abin da ta ƙi ya zama na masu hali, domin dula mai zaman kanta a babban birni tana iya cajar dala dubu ko fiye.

Abin da ya buɗe ƙofar biyan dula a Medicaid gyaran kalma ɗaya ne a ƙa'idar gwamnatin tarayya a 2013. Da, aikin riga-kafi sai mai lasisin aikin lafiya ya yi shi da hannunsa kafin a biya. Aka mai da shi ya isa idan mai lasisin ya ba da shawarar a yi. Jihohin Oregon da Minnesota suka shiga gaba a 2014.

Sai dai yadda suka fara abin takaici ne. Oregon ta sa dala 75 a kan zaman haihuwa. Mace ta yi makonni da waya a ƙarƙashin matashi, ba ta tafiya nesa, ba ta yin alkawarin biki, a kira ta ƙarfe biyun dare ta yi sa'a ashirin a tsaye, sannan a miƙa mata dala 75. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, mata kaɗan ne suka yi rajista. Jihar ta ɗaga kuɗin zuwa dala 350 a 2017, sannan zuwa 1,500 a 2022. Minnesota ta fara da dala 411 a kan ziyarori da haihuwa gaba ɗaya, ta kuma gindaya sharaɗin cewa dula ba za ta nemi kuɗinta kai tsaye ba sai ta ƙarƙashin likita ko wani mai lasisi. Likitoci da yawa ba su so ɗaukar nauyin wadda ba ma'aikaciyarsu ba, sai doka ta zauna a takarda, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kusan shekara goma aka yi kafin a cire sharaɗin, daga 2024 kuma aka koma biyan dala 1,400 na zaman haihuwa da dala 100 a kowace ziyara.

New York ma ta yi wannan tuntuɓe. A 2019 ta shirya gwaji a gundumomi biyu, Erie inda birnin Buffalo yake, da Brooklyn da ke cikin birnin New York, a kan kuɗin da bai wuce dala 600 ba. Na Erie ya tashi. Na Brooklyn bai tashi ba, domin matan da ke aikin sun duba kuɗin haya da na mota a birnin suka ƙi sa hannu. Ƙin nasu ya yi rana: yanzu ana biyan har dala 1,500 a cikin birnin New York da 1,350 a sauran jihar, na ziyara takwas da zaman haihuwa. A Kalifoniya ma sai da aka ɗage fara shirin zuwa Janairun 2023 saboda matan sun ƙi tayin farko na dala 450, shekara guda bayan farawa kuma kuɗin ya haura dala 3,000.

To, ko da kuɗin ya yi kyau, hanyar kaiwa gare shi ita ce ke karya guiwa, kuma a nan ne mai wannan wasiƙa take so a tsaya. Matakin farko lambar NPI ce, lamba mai alƙaluma goma da gwamnatin tarayya ke bai wa duk mai aikin lafiya. Kyauta ce, ta intanet ake nema, kuma duk wanda ya ce a biya shi kuɗinta ya ci da gumin wani. A wurin cikewa akwai gurbin nau'in sana'a, na dula shi ne 374J00000X. Wadda ta zaɓi wani daban za ta yi ta mamakin dalilin da ake dawo mata da takardu. Daga nan sai rajista da ofishin Medicaid na jiha, da shaidar horo, da shaidar koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da ta sanin dokar tsare sirrin majinyaci.

Akwai wani rangwame da ya kamata iyayenmu mata su ji. Kalifoniya tana karɓar horon sa'a 16 da halartar haihuwa uku, amma tana kuma karɓar wadda ba ta shiga aji ba, muddin ta yi shekara biyar tana aikin a cikin bakwai da suka wuce, ta kuma kawo wasiƙun shaida uku. New York ma ta buɗe irin wannan ƙofa ta ƙwarewa. Wato Hajiyar da ta raka matan unguwa asibiti shekara da shekaru ba daga sifili za ta fara ba, in dai ta soma rubuta ranaku da adadin haihuwar da ta halarta.

Rajista da jiha ba ita ce ƙarshe ba. Mafi yawan masu Medicaid a Amurka suna ƙarƙashin kamfanonin inshora ne da jihohi suka ba kwangila, kuma a jihohi da dama dole dula ta ƙulla yarjejeniya da kowane kamfani daban, kowanne da fom ɗinsa da watannin jiransa. Bayan aiki sai takardar neman biya, fom ɗin CMS-1500 ko makwafinsa na kwamfuta, wanda aka tsara domin asibitocin da ke da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai shi. Lambar aiki, lambar dalilin ziyara, ranar ziyara, lambar mai jego: harafi ɗaya ya kauce, a ƙi biya. Akwai kuma wa'adi. A Medicaid ta New York kwana 90 ne daga ranar aiki. Kuɗin da ya shigo ma ba duka nata ba ne, tun da mai zaman kanta ce: harajin masu aikin kansu kaɗai kashi 15.3 ne cikin ɗari, ban da inshorar kariya daga ƙara da wasu kamfanonin ke nema.

Wasu jihohin sun rage kaya. Michigan da Kalifoniya sun sa babban likitan hukuma ya fitar da shawara guda da ta game duk mai ciki a Medicaid, ba sai kowace mace ta je roƙon takarda wurin likitanta ba. Wannan gyara ne na gaskiya. Ɗaya gyaran kuwa matan ne suka yi wa kansu: suka haɗu ƙungiya-ƙungiya, mutum ɗaya ta riƙe cike takardu da bin kuɗi, sauran su tafi ɗakin haihuwa. Matan da suka iya riƙe adashi shekaru ba tare da ko sisi ya ɓata ba ba za su kasa wannan ba, musamman ga 'ya'yansu da suka yi karatu a ƙasar, Turanci da kwamfuta ba sa ba su tsoro.

Wasu za su ce aikin lada ne, bai dace a sa masa farashi ba. Amma mai jego ba ta biyan ko kwabo, gwamnati ce ke biya daga harajin da mazajen unguwar da matanta suke zubawa. Wadda ake biya kuma ita ce za ta iya barin shagonta kwana biyu ba tare da tunanin kuɗin haya ba, ta kuma amsa kiran mace ta biyu da ta uku a wata guda. A New York mai ciki tana samun Medicaid ko da takardun zamanta ba su cika ba, in kuɗin shigarta bai wuce ma'auni ba, kuma inshorar tana bin ta har shekara guda bayan haihuwa. Da yawa daga cikin matan nan ba su san suna da haƙƙin neman 'yar rakiya ba, wadda ta sani kuma da wuya ta sami mai jin Hausa a jerin sunayen da jiha ke wallafawa.

Roƙon mai wannan wasiƙa ga Edita shi ne jaridar nan ta ware shafi ta bi matakan rajistar ɗaya bayan ɗaya da Hausa, jiha-jiha, tun da ƙa'idar New York ba ita ce ta Minnesota ba. Shugabannin ƙungiyoyin mata da limaman masallatan Bronx kuma su ba da zauren taro rana guda a wata, a zo da kwamfuta biyu ko uku, a fara da neman lambar NPI ga duk Hajiyar da ta taɓa kwana a kan kujerar asibiti saboda 'yar wani.

Wassalam.

Daga wata mai karatu,
Bronx, New York