Wankin ƙoda: sau uku a mako ko kullum?

Kwanakin baya wani magidanci daga cikin Birnin Zariya ya tsaya a tagar ɗakin magani da takardar mahaifiyarsa a hannu. Bayan na miƙa masa allurar ƙarin jini, sai ya rage murya ya ce: "Malam, ɗan'uwana da ke Ingila ya ce a can har kullum ake yi wa wasu wanki. Shin mu ba ma cutar da Hajiya kuwa?" Na san ba shi kaɗai wannan tambaya take hana barci ba, shi ya sa na ga ya dace in amsa maka ita a nan, kai mai jinya, da kai mai ɗauke da lalurar.

Ƙoda lafiyayya ba ta hutu, dare da rana tana tace jini. Na'ura kuwa, a tsarin da aka saba, sau uku take aiki a mako, kimanin awa huɗu kowane zama, wato awa 12 cikin awa 168. Tsarin kullum shi ne a zauna kwana shida a mako, kowane zama tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa kusan uku. Hikimarsa a fili take: ruwa da datti ba sa samun damar taruwa, kuma ba a zare su da ƙarfi lokaci guda, abin da ke jawo jiri, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa da kasalar da ke kwantar da mutum yini guda.

An gwada tsarin biyu a Amurka da Kanada a kan marasa lafiya 245 na tsawon shekara guda, aka buga sakamakon a 2010. Waɗanda aka yi wa sau shida sun fi samun raguwar kaurin tsokar zuciya, hawan jininsu ya fi daidaita, sinadarin fosfet ya fi sauka, su kansu kuma sun ce sun fi jin ƙarfin jiki. Amma an fi yawan komawa da su gyaran hanyar da ake jan jini, domin jijiyar da ake soka wa allura kwana shida ba ɗaya take da wadda ake soka wa kwana uku ba.

To, mu dawo gida. Sau uku a mako zama 13 ne a wata, sau shida kuwa 26. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko da a wannan rangwame, tsarin kullum ya haura naira 300,000 a wata, ban da allurar ƙarin jini, gwaje-gwaje da kuɗin mota. Ka ƙara da tafiyar kanta: a fito da dattijuwa mai kumburin ƙafa ta Ƙofar Doka, a ratsa Tudun Wada da Kwangila da Samaru kafin a isa Shika, sannan a dawo, kwana shida cikin bakwai, da wani ɗa ko 'ya da ya bar sana'arsa yana rakiya.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawanmu, muhawarar shida da uku ba ita ce a gabanmu ba. Abin da ke kashe mana mutane shi ne wankin da ba shi da tsari. Dangi su yi karo-karo, a sayar da gona, a yi wanki a jere har mako uku, kuɗi su ƙare, a zauna gida kwana goma, sai numfashi ya sarƙe cikin dare a ruga asibiti. Da a yi haka, gara tun ranar farko ka faɗa wa likitan ƙoda gaskiyar abin da aljihunku zai iya ɗauka na wata shida, ba na mako biyu ba. Kunya a nan asara ce. Akwai wanda har yanzu yake fitar da fitsari mai yawa, ƙodarsa na da sauran ƙarfi, likita na iya tsara masa sau biyu a mako yana bibiyar gwaji. Wannan hukuncin likita ne, ba naka ba, ba nawa ba.

Idan kuna kan sau uku, ka sa ido a kan dogon giɓi. Mai zuwa Litinin, Laraba da Juma'a yana kwana uku kafin ya sake ganin na'ura, kuma wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2011 ya nuna an fi samun mace-mace da matsalar zuciya a ranar da ta biyo bayan wannan giɓin. A wurinmu kuma Asabar da Lahadi su ne ranakun biki, ga miya mai gishiri da dunƙule, ga zoɓo da kunun aya ana ta miƙowa. Ayaba, lemu, dabino da dankali suna ƙara sinadarin fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yake iya tsayar da zuciya ba gargaɗi.

Ɓangaren da ya fi shafata shi ne magani. Ƙwayar rage fosfet tare da abinci ake haɗiyarta, in an sha ta da cikin wofi an yi asarar kuɗi. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙoda, haka jiƙe-jiƙen da masu zuwa dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya. Maganin hawan jini kuma, ka tambayi likita ko a sha shi kafin wanki ko bayansa.

Magidancin nan na ce masa ba su cutar da Hajiya ba muddin ba a tsallake rana. Idan kuma ana ganin nauyinta na ƙaruwa sosai tsakanin zama da zama, ko jininta ya ƙi sauka duk da magani, ya roƙi likita a duba yiwuwar tsawaita zaman ko ƙara na huɗu. Na kuma ce ya zo mini da duk abin da take sha cikin leda ɗaya, har da na gargajiya, mu zauna mu tantance.