Kuɗin Ƙungiya: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Duk kasuwar da mutum ya shiga a bakin iyakar nan tamu, tun daga Gaya har Ƙonni, Ɗan Issa, Matamai da Magarya, zai tarar kowane layi da ƙungiyarsa: ƴan hatsi, ƴan albasa, dillalan dabbobi, ƴan canji, har da masu dako. Kowace ƙungiya tana da shugaba da magatakarda da ma'aji, kuma duk ranar kasuwa ana zagayawa a karɓi kuɗin ƙungiya. Abin da ba kowace ce ke da shi ba, shi ne rana guda a shekara da za a tara membobi a karanta musu abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage. A nawa ganin, rashin wannan rana ya fi sata kashe ƙungiyoyinmu.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Shekara biyu ko uku ana zuba kuɗi lami lafiya, sai ranar da gobara ta cinye rumfar wani, ko aka tsare motar kayan wani a duwan, a ce a buɗe asusu a taimaka masa. A nan ne za a ji cewa abin da ke ciki bai kai rabin abin da ake zato ba. Daga nan sai gunaguni, sai a daina gaisawa, sai wasu su ɓalle su kafa tasu ƙungiyar, ita ma ba tare da littafi ba. Sau da yawa ma'ajin da ake zargi bai ci ko dala ba, sai dai ba shi da takardar da za ta wanke shi. Wani lokacin kuma ya ci, amma babu takardar da za ta kama shi. Rashin lissafi yana cutar mai gaskiya, yana kuma rufa wa maci amana asiri.

Wasu dattawa kan ce neman lissafi daga hannun babban mutum rashin kunya ne. To, ai ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umurni sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya ce a rubuta bai zagi kowa ba.

Hukuma ma ba ta bar maganar haka nan ba. Nijar, Benin, Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka kafa a 1993. Dokarta ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a birnin Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta tanadi babban taron membobi a cikin wata shida bayan rufe shekara, da kuma kwamitin sa ido dabam da masu tafiyar da ƙungiya. Kazalika a nan Yamai ne, ranar 22 ga Disamba 2022, aka amince da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Tsarin ya sauƙaƙa wa ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda abin da suke samu a shekara bai wuce Sefa miliyan 30 ba: lissafin shige da ficen kuɗi ne ginshiƙin abin da ake nema daga gare su. Najeriya ba ta cikin OHADA, tana da nata dokokin, amma ƙungiyar da ta yi rajista a wannan ɓangaren, dokar nan ce ta hau kanta ko da rabin membobinta daga ƙetaren iyaka suke zuwa.

Sai dai littafi kaɗai ba ya raba gardama, in ba a yi ittifaƙi tun farko a kan ƙa'idojin da za a bi wajen rubutawa ba. Kuma a wurinmu mutanen iyaka, babbar ƙa'ida ita ce ta canji, domin da kuɗi iri biyu muke ciniki. Ita Sefa a ɗaure take da Yuro tun 1999, Sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya. Ita kuwa Naira, bayan da gwamnatin Najeriya ta sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, dalar Amurka da ke wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024.

Bari mu buga misali. A ce membobi sun zuba Naira 600,000 a watan Janairu, lokacin da ake canza jikka ɗaya ta Sefa a kan Naira 1,200. Ke nan sun zuba daidai da jikka 500. A ce kafin Disamba jikka ta kai Naira 2,000. In ma'aji ya ajiye Nairar yadda aka ba shi, abin da ke hannunsa ya koma jikka 300, an yi asarar jikka 200 ba tare da kowa ya taɓa kuɗin ba, amma shi za a kalla da idon ɓarawo. In kuwa ya canza su zuwa Sefa tun Janairu bai gaya wa kowa ba, a Disamba jikka 300 ta ishe shi ya sayi Naira 600,000 ya ajiye a gaban jama'a cif-cif, ya sa jikka 200 a aljihu, a kuma yi masa kabbara cewa mai amana ne. Don haka dole ƙungiya ta yanke tun farkon shekara: da wane kuɗi ake lissafi, da wane ake ajiya, kuma farashin wace rana ake bi. Shawarata ita ce a buɗe wa kowane kuɗi shafinsa, a rubuta farashin canji a ranar da kuɗin suka shigo ko suka fita, kuma kada a canza komai sai da sa hannun mutum biyu. A ƙarshen shekara a faɗi riba ko asarar canji a fili, a layinta dabam.

Ƙa'ida ta biyu ita ce shekarar lissafi. A tsarin OHADA tana farawa 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba. Ana iya sa taron a lokacin da mutane suka fi zama gida, amma ranar rufe littafi kada ta riƙa yawo bisa son ran shugabanni.

Ta uku, alkawari ba kuɗi ba ne. Abin da aka karɓa a hannu shi kaɗai ake rubutawa a shafin shiga, waɗanda ba su biya ba a yi musu nasu jerin. Wannan ya fi muhimmanci a shekarun da kasuwa ta tsaya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mutane da yawa ba su iya zuwa kasuwa ba, balle su zuba. Babban taro ne ya kamata ya ce an yafe kuɗin irin waɗannan watanni ko ana bin su, ba shugaba ya yafe wa na kusa da shi ya matsa wa saura ba.

Ta huɗu, a bambanta rance da taimako. Abin da aka ba wanda aka yi wa rasuwa ko gobara ya tafi ke nan. Abin da aka ranta wa mutum ya ƙara jari kuwa dukiyar ƙungiya ce da ke hannunsa, a rubuta sunansa da adadi da ranar biya da kuma irin kuɗin da zai biya da shi. Shugabanni su ne na farko da za a karanta bashinsu, tunda galibi a nan gizo ke saƙar.

Ta biyar, kayan ƙungiya ma kuɗi ne. Tabarmi, kujeru, sikeli, lasifika, buhuna, rumfa ko fili, duk a ƙirga su sau ɗaya a shekara, a faɗi inda kowane yake. Kaya nawa ne aka ara don biki suka zama na gidan wanda ya ara?

Ta shida ita ce wadda ba a son faɗi, wato kuɗin da ba a ba da rasit a kansu: abincin baƙi, kuɗin mota zuwa wurin hukuma, da na goro da ake miƙawa a hanya. Ba ina halatta na goro ba ne, amma in dai ya fita daga asusu, to a rubuta adadinsa da ranar da shaidu biyu, a kuma sa iyakar abin da shugaba zai iya kashewa ba tare da ya tambayi kowa ba. Watakila ma in membobi suka ji jimillar abin da wannan layi ke ci a shekara, su tashi tsaye a kansa.

Masu cewa ba su yi lakkal ba, ba su da hujja. Ɗan kasuwar da ke riƙe bashin mutum hamsin a kansa ba zai kasa gane shafi biyu ba. Ana iya rubutawa da ajami ko da boko, muddin za a karanta da Hausa, da babbar murya, a kuma bar mutane su yi tambaya. Abin da ake bukata kaɗai shi ne mai karɓa ya zama dabam da mai ajiya, a kuma zaɓi mutum biyu ko uku daga cikin talakawan membobi su duba littafi su ƙirga kuɗin da hannunsu kafin taro, domin gani ya kori ji. In ƙungiya tana da asusu a banki, a zo da takardar bankin a nuna. Masu tsoron kada rubutu ya jawo musu ƴan haraji kuwa, su tuna cewa ƙungiyar da ba ta da littafi ba ta da bakin musu a kan duk abin da aka ɗora mata, kuma da wuya banki ko wani mai tallafi ya saurare ta.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin ƙungiyoyi da su sa ranar taro da kansu tun kafin a tambaye su, su sanar a masallacin kasuwa da gidajen rediyo. Ku kuma membobi, kafin ku zuba na wannan makon, ku tambaya cikin ladabi yaushe za a karanta lissafin bara. Ma'ajin kirki zai yi murna da wannan tambaya, domin a ranar ne zai sauke nauyi ya kwana da hankali kwance.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu ikon riƙe amana, amin.