Tudun Wada, Kada Tsoro Ya Zaɓa Mana Shugabanni

Jama'ar Tudun Wada, daga Tsohon Gari zuwa Yaryasa, daga Burum-Burum zuwa Karefa da Nata'ala, da 'yan'uwanmu na Doguwa da Kiru da Bebeji:

Babu wanda ya manta da abin da ya auku a garin nan bayan zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. An cinna wa ofishin jam'iyyar NNPP wuta, an rasa rayuka, sunan Tudun Wada ya shiga labaran duniya ba ta hanyar da muke so ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Tun daga lokacin ake jin magidanta suna cewa matansu sun gama zuwa layin zaɓe, ake jin samari suna cewa ai ko an kaɗa ba a ƙirgawa. Wannan magana daga ciwo ta fito, kuma ciwon gaskiya ne. Amma idan muka bi ta, waɗanda suka tayar da fitina sun samu abin da suke nema ke nan, wato mutanen kirki su zauna a gida a bar musu akwati.

Ku duba lissafin da kanku. Da hukumar INEC ta ce zaɓen ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Tudun Wada da Doguwa bai kammala ba, aka je zagayen cike giɓi ranar 15 ga Afrilu. Alhassan Ado Doguwa na APC ya tashi da ƙuri'a 41,573, Salisu Yusha'u na NNPP ya samu 34,831. Ratar ba ta kai dubu bakwai ba, a ƙananan hukumomi biyu sukutum! A 2019 kuwa, kujerar gwamnan Kano kanta, tsakanin Ganduje da Abba Kabir Yusuf, ƙuri'un da ba su cika dubu tara ba ne suka raba gardama. A 2023 mutum kusan miliyan shida ne ke da rajista a jihar nan, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan biyu ba. Ina sauran? Suna gona, suna kasuwa, suna zaune a ƙofar gida da rediyo a kunne suna jiran a faɗa musu wanda zai mulke su shekara huɗu. Su ne suka fi kowace jam'iyya yawa a Kano.

Kowa ya san gidan da yake. Wani jar hula ce a kansa, wani tsintsiya, wani tun zamanin NEPU da PRP gidansu na Malam Aminu Kano ne har gobe. Ba na kiran kowa ya bar gidansa. Amma ku lura da yadda manyan suke tafiyar da tasu siyasar. Abdulmumin Jibrin Kofa ya shiga majalisa a PDP a 2011, ya yi APC, ya ci zaɓen 2023 a NNPP. Sanata Kawu Sumaila ya yi ANPP, ya yi APC, ya kayar da Kabiru Gaya a ƙarƙashin NNPP, ya sake komawa APC. Haƙƙinsu ne su sauya sheƙa, kuma idan suka haɗu gaisawa suke yi. To don me yaron Dalawa zai ɗaukar wa yaron Shuwaki gora da adda saboda launin hula? Wanda aka binne ba ya sauya sheƙa, uwarsa ce za ta yi ta kuka ita kaɗai.

Mai cewa ƙuri'a ba ta sauke mai kujera, ya tambayi mutanen Kiru da Bebeji. Da kotu ta sa aka sake zaɓe a Janairun 2020, Ali Datti Yako ne ya kayar da Kofa ya tafi Abuja. Bayan shekara uku suka sake juyawa. Hannun talakawa ne ya yi duka biyun.

Iyayenmu mata, ku ne kan gaba a wannan kira. Matan Arewa ba su samu damar kaɗa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan neman ta. Abin da aka samo da wannan wahala ya fi ƙarfin ledar taliya da sabulu da turmin atamfa. Idan ɗan takara ya zo, ku tambaye shi maganar asibitin haihuwa da malaman firamare. Manoma su tambaye shi takin masara da shinkafa, da ruwan Tiga da ke kwance a gefenmu alhali rani na korar 'ya'yanmu zuwa cirani. Direbobi su tambaye shi tsaron hanyar dajin Falgore, mutanen Riruwai su tambaye shi wa ke cin arzikin ma'adinan ƙasarsu.

Malamai da limamai, dagatai da masu unguwanni, kada ku jira sai jajibiri. Duk wanda ya cika shekara 18 ya je ofishin INEC ya yi rajista, wanda ya yi ya karɓo katinsa, amaryar da aka kawo daga wani gari a mayar da rajistarta rumfar da ta fi kusa. Ranar zaɓen 2027 mu yi sammako, maza da mata, hannu babu makami. A tantance mu da na'urar BVAS, mu dangwala, mu tsaya a ƙirga a gabanmu, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a liƙa takardar sakamako a bango kowa ya ɗauki hotonta. A kasa, a tsare, a raka har wurin tattara sakamako, sannan kowa ya koma gidansa lafiya.