Wa Ake Yi Wa Dariya A Jimeta?

Akwai wata gardama da ta daɗe ba ta mutu ba a majalisun hira na Jimeta da Yola, tun daga teburin mai shayi na Jambutu har zuwa zaurukan Wuro Hausa, watau gardamar masu son fim ɗin ban dariya da masu son na soyayya da ban tausayi. Masu son na soyayya suna cewa na ban dariya shirme ne, tsalle-tsalle da ihu da guje-guje, ba ya ƙara wa mutum komai. Su kuwa ɗaya ɓangaren suna cewa gara shirmen da aka san shirme ne da ƙaryar da aka naɗa wa rawani. In za a bi gaskiya, waɗannan na biyu sun fi hujja, ko da yake akwai wani miki a jikin abin da suke yabo, wanda mutumin Adamawa ya fi kowa sanin zafinsa.

A fara da na soyayya. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya cikin 1990, sana'ar fim ɗin bidiyo ta kafu, amma ba a daɗe ba ta koma kan gwadaben da finafinan Indiya suka share mata tun zamanin gidajen silima: saurayi ɗaya da 'yan mata biyu, ko iyaye masu tilasta aure, sa'an nan waƙa da rawa a tsakanin furanni. Sangaya na 1999 da Wasila na 2000 sun yi kasuwa ƙwarai, saboda haka kowane mai shiri ya bi sawunsu. Yau kaset ya tafi, faifai ya tafi, an koma shiri mai dogon zango a talabijin da YouTube, irin su Labarina da Izzar So, kuma lalle an sami ci gaba wajen hoto da sauti da tsara magana. Amma har wa yau yawancin labarin a cikin katafaren gida ake yinsa, inda kowane saurayi ke da mota da kamfani, ba a kuwa taɓa ganin yadda ya same su. Mai tuƙa keke Napep daga kasuwar Jimeta zuwa cikin Yola zai iya kallon kashi hamsin bai ga mai kama da shi ba, sai fa maigadi ko ɗan aike.

A fim ɗin ban dariya ne talaka ya ga fuskarsa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan ƙauyen Ɗanlasan a Jihar Kano, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya rungumi wasa, ya shafe shekaru yana fitowa a matsayin mai bashi, da mai kwaɗayi, da matsoraci mai cika baki, da ɗan ƙauye da ya shigo birni yana tsammanin ya fi kowa wayo. Waɗannan mutane ne da kowa ya sani a unguwarsu. Yunwar da ke cikin wasansa yunwa ce ta gaske, haka nan tsoron ɗan sanda da tsoron mai gidan haya. Masu mulki ma sun san wasan nan yana da kaifi, don kuwa cikin 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗinsa Ibro Aloko, a zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai. Da ya rasu ran 10 ga watan Disamba na 2014, waɗanda suka yi ta kiransa mai shirme suna cikin masu jimami.

To, ga inda mikin yake. Wani babban kaso na dariyar finafinan Kano a kan harshe aka gina shi. A sa wa ɗan wasa malfa da sanda a ce Bafillatani ne, ko a ba shi hula mai lanƙwasa a ce Bayarabe ne, ko a ce Bagwari ne ko Babarbare, sa'an nan ya buɗe baki ya karya Hausa, ya kira mace da "shi", ya kira namiji da "ita". Sau da yawa ba a wahalar da kai wajen ƙago wani abin dariya bayan wannan. Karyewar harshen ita ce wasan gaba ɗaya, kuma a kan haɗa ta da wauta, kamar dai wanda bai iya furta "ƙ" ba lissafi ma ba zai iya ba.

A Kano wannan yana wucewa salin alin, domin mai kallo da mai wasa harshensu ɗaya. A nan bakin Binuwai kuwa lamarin dabam ne. Yola gari ne da Modibbo Adama ya kafa cikin 1841, harshen fadarsa Fulfulde ne. Jimeta kuma matattara ce, musamman tun da aka ƙirƙiro Jihar Gongola cikin 1976, aka kuma fitar da Adamawa daga cikinta a 1991: ga Fulani, ga Bachama da Bata, ga Kilba da Margi da Higi, ga Chamba da Vere da Mumuye, ga Hausawa da Barebari da mutanen Kudu. Hausa ce igiyar da ta ɗaure su a kasuwa da tasha da asibiti, amma ga mafi yawansu harshe ne na biyu ko na uku. Fulfulde ba ta raba namiji da mace a cikin lamiri, ba ta kuma da "ƙ" da "ts", saboda haka abin da ɗan wasan Kano ke kwaikwayo don a yi dariya, shi ne yadda kakar mai kallo ke magana a tsakar gida. Yaro yana ƙyaƙyatawa, tsohuwa tana gefe tana jin ana maimaita muryarta. Abin mamaki ma, mutumin da ake mayarwa wawa saboda Hausarsa, sau da yawa yana jin harshe uku, shi kuwa mai kwaikwayonsa ɗaya tak gare shi. Kai, ko cikin Hausawa ai Bazazzagi da mutumin Bauchi sukan ce "motan" inda Bakano zai ce "motar", ba wanda ya ce hankalinsu ya ragu.

Masu kare wannan salo suna da amsa, ba kuwa amsar banza ba ce. Suna cewa wasan barkwanci ne, al'ada ce ta kaka da kakanni: Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Kanawa da Zazzagawa, duk suna tsokanar juna ba a taɓa zare wuƙa ba. Gaskiya ne, kuma wannan al'ada ta kashe wutar fitina da yawa. Sai dai barkwanci yana da ƙa'ida. Wanda aka tsokana yana nan zaune, yana da bakin ramawa nan take, kuma an san wane ne abokin wasan wane. Taubashi ne ke karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki, ba kowane mai wucewa ba. A fim kuwa ɓangare guda ne ke riƙe da na'urar ɗaukar hoto. Bafillatanin da ke cikin akwatin ba ya ramawa, don ba Bafillatani ne ya rubuta masa magana ba.

Ba a ce a daina wasa da harshe ba, domin an taɓa yinsa da kyau. Tsofaffi suna tune da Samanja Mazan Fama na gidan talabijin na Kaduna. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu cikin Nuwamba na 2023, Banufe ne kuma tsohon soja, Hausarsa ta bariki ce, gauraye da Turanci. Ana dariyar maganarsa, amma shi ne mai gida a wasan, shi ke ba da umarni, shi ke tsawatarwa, kuma ba a tashi kallo da tunanin cewa mai irin wannan harshe dolo ne. A wannan zamani ma shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna gari mai Musulmi da Kirista, da baƙi da 'yan gudun hijira, kowa da irin Hausarsa, aka kuma yi dariya aka yi kuka ba tare da an tozarta wata kabila ba.

Maganar 'yan gudun hijira ta kawo wani batu. Cikin Oktoba na 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a sansanonin Malkohi da Damare da Fufore, mafi yawa kuwa a gidajen 'yan'uwa da ma waɗanda ba su taɓa sani ba. An ga magidanci mai ɗaki biyu ya sauki iyali uku, masallaci da coci suna rabon hatsi. Cikin wannan akwai ban tausayi da ya fi na kowace kishiya, akwai kuma ban dariya irin na mutanen da suka cushe a gida ɗaya ba sa jin yaren juna. Mai shirya fim a Kano ba zai rubuta shi daidai ba, don bai kwana cikinsa ba.

Kada kuwa wani ya ce ƙasar nan ba ta da gadon sana'ar. Marigayi Adamu Halilu, wanda ya shirya Shaihu Umar cikin 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, haifaffen Garkiɗa ne. An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977, ya ɓace shekara da shekaru, sa'an nan aka gano shi, aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na birnin Balin a Jamus cikin 2018. Yau Yola tana da tashar NTA, da ATV ta gwamnatin jiha, da Gotel, ga Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka, ga matasa masu ɗaukar gajerun wasanni da wayar hannu cikin Hausa da Fulfulde. Abin da ya rage shi ne ɗaya daga tashoshin nan ta ware rabin sa'a a mako, ta biya marubuci da 'yan wasa na gida, a yi shiri da Hausar Jimeta yadda take, a sa Bakano ɗan tireda a ciki yana fama da gaisuwar Fulfulde a ƙofar fadar Lamiɗo.