Rabon kujeru a jiragen saman fasinja

Rabon kujeru a jiragen saman fasinja shi ne tsarin da kamfanonin jiragen sama ke bi wajen tantance inda kowane fasinja zai zauna. A da, kuɗin tikiti ya ƙunshi kujera, fasinja yakan zaɓi wadda ta rage ba tare da ƙarin ko sisi ba. A yau kamfanoni da yawa, musamman a Amurka da Turai, sun mayar da kujerar kanta haja. Suna ba manyan abokan hulɗarsu masu yawan tafiya kujeru masu kyau kyauta, su sayar wa sauran fasinjoji, wanda bai biya ba kuma kwamfuta ta zaɓa masa.

Kujerun da ake fifitawa

A ɓangaren gama-gari na jirgi akwai kujeru iri biyu da ake yi wa farashi na daban. Na farko su ne masu yalwar wurin miƙe ƙafa, kamar na layin ƙofar gaggawa da na sashen Economy Plus da kamfanin United ya ɓullo da shi a 1999. Na biyu su ne waɗanda ake kira zaɓaɓɓun kujeru. Girmansu ɗaya da na sauran, abin da ya bambanta su kawai shi ne suna gaba-gaba, ko a jikin taga, ko a bakin hanyar wucewa. Mai zama a nan yakan riga mutane sauka, kuma ba ya matsewa a tsakanin mutum biyu.

Asalin tsarin

A 1978 Amurka ta yi dokar da ta sakar wa kamfanonin jirage mara wajen yanke farashi da zaɓen hanyoyi. Gasa ta yi zafi, kowane kamfani ya shiga neman dabarar riƙe fasinjojinsa. A 1981 American Airlines ya ƙaddamar da shirin AAdvantage, wanda ke ba fasinja maki bisa nisan tafiyarsa, United ma ya biyo baya a shekarar. Daga nan aka kasa fasinjoji matakai-matakai, kamar azurfa da zinariya. A 2015 Delta ya koma lissafa maki da yawan kuɗin da aka biya maimakon nisan tafiya, wasu manyan kamfanoni suka bi sahu.

Yadda ake rabon

Abu na farko da ake dubawa shi ne matakin fasinja. A United, mai matakin zinariya yana iya ɗaukar kujerar Economy Plus kyauta tun lokacin sayen tikiti, mai matakin azurfa kuwa sai ya jira lokacin tantancewa, sa'o'i 24 kafin tashi. Abu na biyu shi ne irin tikitin. Mai tikiti mafi araha yawanci ba ya zaɓar kujera sai ya ƙara kuɗi.

Matsayin fasinja yakan bi shi zuwa wasu kamfanoni ta hanyar ƙawance uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Ethiopian Airlines da EgyptAir, waɗanda ke sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, duka suna cikin Star Alliance, don haka ɗan kasuwar da ya tara maki a ɗaya ana sane da matakinsa a ɗayan. Sai dai abin da ƙawancen ke tabbatarwa ya fi karkata ga riga shiga jirgi da ɗakin hutawa. Batun kujera kowane kamfani da ƙa'idarsa.

Akwai kujerun da kuɗi ko matsayi ba sa isa a samu. A Amurka ba a zaunar da wanda bai kai shekara 15 ba a layin ƙofar gaggawa, haka ma wanda ba zai iya buɗe ƙofar ba. Ana keɓe wasu kujeru ga masu naƙasa da masu jarirai, kuma ma'aikata na iya sauya wa mutum wuri don daidaita nauyin jirgi.

Kuɗin da ke ciki

A watan Nuwamban 2024 wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka, ƙarƙashin Sanata Richard Blumenthal, ya fitar da rahoto cewa kamfanoni biyar, wato American, Delta, United, Frontier da Spirit, sun samu dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera tsakanin 2018 da 2023. Kamfanonin na cewa raba farashin yana ba mai ƙaramin ƙarfi damar biyan abin da yake buƙata kaɗai. Masu suka kuwa na ganin farashin da ake tallatawa ba shi ne na gaskiya ba, tunda sai a ƙarshen ciniki ƙarin ke bayyana.

Southwest ne babban kamfanin da ya daɗe bai shiga wannan layi ba. Sama da shekara 50 fasinjojinsa na zama duk inda suka ga babu kowa. A watan Yulin 2024, yayin da kamfanin zuba jari na Elliott ke matsa masa lamba, ya sanar da daina wannan tsari, yana mai cewa kashi 80 cikin 100 na fasinjojinsa sun fi son a ba su lambar kujera. Ya tsayar da 27 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara sabon tsarin.

Taƙaddama kan iyalai

Idan an keɓe kujerun taga da na bakin hanya ga masu matsayi da masu biya, abin da ke ragewa kyauta galibi kujerun tsakiya ne a warwatse. Wannan ya fi shafar iyalai, domin uwa na iya samun kanta a layi ɗaya, ƙaramin ɗanta a wani. A 2018 hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta binciki yadda ake raba mutanen da suka sayi tikiti tare. A watan Afrilun 2024 takwararta ta Indiya ta umarci kamfanoni su zaunar da yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa kusa da aƙalla ɗaya daga cikin iyayensu. A watan Agustan shekarar, Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta gabatar da daftarin ƙa'idar hana karɓar kuɗi don zaunar da yara 'yan shekara 13 zuwa ƙasa kusa da babban da ke tare da su.

Waɗannan matakai ba su hana sayar da kujeru ba, iyaka kawai suke ƙoƙarin sa wa abin da za a iya sayarwa. Fifita mai yawan tafiya ya zauna daram a harkar. Muhawarar da ta rage ita ce a kan mene ne tikiti mafi araha ya wajaba ya ƙunsa ba tare da ƙarin kuɗi ba.