Daga Bakin Allo: Yarinyar da ke Tsugunawa

Yau da amsa laifina zan fara.

Bara akwai wata yarinya 'yar shekara 6 a ajina, gidansu na bayan namu a Adjamé Liberté. Duk lokacin da aka fita shan iska, ba ta minti biyu tana gudu sai ta tsuguna tana haki. Na ɗauka lalaci ne, har na sha yi mata tsawa. Sai wata rana na duba ta da kyau, na ga leɓɓanta da faratanta sun yi shuɗi-shuɗi. Da yamma na sami mahaifinta a ƙofar masallaci, na ce, "Alhaji, 'yarka tana bukatar likita." Ya ce, "Malam, tun tana goyo haka take. An ce iska ce, an yi rubutu, an yi turare." Na ce a ci gaba da addu'a, amma gobe mu hau bas mu ƙetare gada zuwa Treichville.

A Treichville akwai Institut de Cardiologie d'Abidjan, watau asibitin zuciya, inda aka fara aikin buɗe zuciya tun 1978. Da yawa daga cikinmu muna wucewa ta gefensa ba mu san abin da ke ciki ba. Likita ya ɗora mata na'urar ekogarafi a ƙirji, ya nuna mana. Ita zuciya ɗakuna huɗu gare ta. A zuciyar yarinyar nan akwai huji a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa, hanyar da jini ke bi zuwa huhu kuma ta ƙuntata. Saboda haka jinin da bai sha iska ba yana garwaya da mai kyau, shi ne shuɗin da na gani. Tsugunon ma dabara ce jikinta ya koya mata, don yana ƙara tura jini zuwa huhu. Ashe magani take yi wa kanta, ni ina yi mata tsawa.

Jama'a, wannan ciwo ba baƙo ba ne. A cikin jarirai 100 akan sami kusan ɗaya da aka haifa da naƙasa a zuciya. Zuciya tana haɗuwa ne a cikin makonni 8 na farkon ciki, tun uwa ba ta gama tabbatar da tana da juna biyu ba, don haka a daina ɗora wa mata laifi. Iyaye mata, ku lura: jaririn da ke gumi da haki in yana shan nono, ba ya ƙara nauyi, numfashinsa na sauri, ko bakinsa na yin shuɗi in yana kuka, a kai shi asibiti. Wani hujin ƙarami ne, yakan toshe da kansa. Wani sai an yi aiki, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da aka sa ranar aiki, an gaya mana ana bukatar jini, domin a lokacin aikin na'ura ce ke karɓar aikin zuciya da huhu, kuma dole a tanadi jini a gefe. Nan na ga halinmu. Kuɗi kam 'yan'uwa sun yi karo-karo, Allah ya saka musu da alheri. Amma da aka zo maganar jini sai kowa ya kama gabansa. Wani ya ce ƙarfinsa zai tafi, wani ya ce haramun ne. A unguwar da in ana suna ba ka samun wurin ajiye takalmi, mutum huɗu muka je cibiyar ba da jini ta ƙasa, ita ma a Treichville take. Abin da aka ɗiba bai kai rabin lita ba, alhali babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5. Washegari ina gaban allo kamar kullum.

To, wanda ya ƙi ba da jinin da jikinsa zai mayar masa, yaya za a yi masa zancen ƙoda ko zuciya? Gara mu fara zancen tun yanzu. Akwai yaran da ciwonsu ya wuce ɗinki, sai dai a canza zuciyar ɗungurungum. A nan Afirka aka fara dashen zuciya, a birnin Kef na Afirka ta Kudu, ranar 3 ga Disamba 1967, a hannun likita Christiaan Barnard, bayan wani uba ya yarda a ɗauki zuciyar 'yarsa da mota ta buge. Jariri kuwa sai zuciyar jariri ɗan'uwansa. Saboda ƙarancinta ne a 1984 wani likita a Amurka, Leonard Bailey, ya dasa wa wata jaririya zuciyar gwaggon biri, ta yi kamar mako 3 ta rasu. A 1985 ya sami zuciyar jariri ya dasa wa wani, ya rayu. Duk gwanintar likita, sai wasu iyaye sun ce "mun yarda" a ranar da suka fi kowa baƙin ciki.

Abin yana matsowa kusa da mu. An fara dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, a nan Abijan kuma a 2012, ɗan'uwa mai rai yana ba ɗan'uwansa ɗaya daga cikin biyun da Allah ya ba shi. Game da addini kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta kyautar sassan jiki bisa sharuɗɗa: kada a cutar da mai bayarwa, in mamaci ne a sami izninsa tun yana raye ko na magadansa, kuma ba a sayarwa. Ina roƙon limamanmu na Adjamé da Treichville su yi wa jama'a bayanin wannan daga kan mumbari, don maganarsu ta fi tawa shiga kunne.

Yarinyar an yi mata aiki, ta dawo lakwal bana. Yanzu ni ne ke ce mata ta rage gudu.

Asabar ta farko a wata mai kamawa zan koma ba da jini. Duk lafiyayyen da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50, mu haɗu a Liberté bayan sallar asuba, ya karya kumallo kafin ya fito. Kuɗin bas a wuyana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa, in mai duka ya kai mu.