Harajin da Ake Karɓa a Bakin Asibiti

A 1979, da jam'iyyar PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi shi ne soke haraji da jangali. Hujjar da Malam Aminu Kano da mutanensa suka riƙe tun zamanin NEPU ba ta da wuyar fahimta: kuɗin da ake ɗora wa mai shi da marar shi daidai wa daida zalunci ne, domin abin da attajiri zai zaro daga aljihu bai ƙirga ba, shi ne zai sa manomi ya kai akuyarsa kasuwa. An soke wancan haraji, aka yi murna. Sai dai ya dawo ta bayan gida, kuma yanzu ba dagaci ke karɓarsa ba. A tagar biyan kuɗi ta asibiti ake karɓarsa, da kantin kemis, da ɗakin gwajin jini.

Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa kai tsaye. Matar da naƙuda ta tsananta mata cikin dare, sai mijinta ya yanki kati, ya sayo safar hannu da auduga da ruwan ƙari, in kuwa aka ce tiyata ce, sai ya shiga buga wa 'yan'uwa waya tana kwance tana jira. Wannan haraji ya fi na da muni. Na da sau ɗaya ake biyansa a shekara, bayan kaka, kuma kowa ya san adadinsa. Na yanzu ba ya sallama, ba shi da iyaka, kuma ranar da mutum ya fi kowace rana rauni ake zuwa karɓarsa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna cewa fiye da ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Nijeriya ne. Kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ke kashewa su ma a nan suke, akasarinsu yara ƙanana. Zubar jini da jijjiga da zazzaɓi ba baƙin cututtuka ba ne. An san maganinsu, kuma ba shi da tsada a ma'aunin gwamnati. A ma'aunin magidanci ne yake da tsada.

Amsar da masu mulki suka saba bayarwa ita ce babu kuɗi. A Abuja, a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Mai masaukin baƙin ba ta taɓa cikawa ba. Kasonta a matakin tarayya ya daɗe yana kai-kawo tsakanin kashi 4 da 6. Shekara da shekaru aka yi ana ɗora laifin kan tallafin man fetur, wanda ya laƙume sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. Gaskiya ne, tallafin ya zama rumbun ɓarayi da 'yan fasa-ƙwauri, kuma mai motoci huɗu ya fi mai jaki morarsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da janye shi. Litar mai da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500, magungunan da ake shigowa da su suka bi ta. Talaka ya biya nasa kason nan take, babu bashi.

To ina kuɗin suka nufa? A farkon 2023, abin da matakan gwamnati uku ke rabawa daga asusun tarayya wajen naira biliyan 700 ne a wata. A 2025 ya riƙa wuce tiriliyan 1.5. Za a ce faɗuwar naira ta cinye wani ɓangare, kuma haka ne. Amma ba ta hana 'yan majalisar tarayya sayen manyan motoci a 2023 ba, ba ta hana kashe naira biliyan 21 kan gidan mataimakin shugaban ƙasa ba, ba ta kuma hana sayen sabon jirgin shugaban ƙasa a 2024 ba. A jihohi kuwa gadojin sama ke ta tashi, domin gada tana shiga hoto, albashin ungozoma a ƙauye ba ya shiga. Alhali cibiyoyin lafiya na matakin farko a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi suke. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa shi. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na marasa ƙarfi, ga shi har yau masu inshorar ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a ƙarshen 2024, kuma abin a yaba ne. Sai dai shiri ne na minista, yana iya tafiya da tafiyarsa. Shi ne kuma da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan.

Abin da ya sa wannan hali ya zauna daram shi ne waɗanda ke da murya ba ya taɓa su. Marigayi Umaru 'Yar'aduwa a Jidda ya yi jinya. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi kwana sama da 100 a jere a Landan a 2017, a can kuma ya cika a 2025, Allah ya jiƙansu. Masu ƙaramin ƙarfi suna da Alƙahira da Indiya. Ma'aikacin tarayya da na banki da malamin jami'a suna da katin inshora tun da aka fara shirin a 2005. Su ne kuma ake tara wa buƙatun dangi daga ƙauye, su tura dubu ashirin yau, dubu hamsin gobe, su kira shi zumunci. Zumunci ne, amma kuma toshe ramin da gwamnati ta haƙa ne, kuma muddin ana toshewa a ɓoye, ba wanda zai tambayi mai haƙar.

Ba sai an je Turai neman misali ba. Tun 2003 Ghana ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 kan harajin saye da sayarwa, ta ɗaure shi da doka ga inshorar lafiya, ta yafe wa yara da tsofaffi da marasa galihu biyan kuɗin shiga. Shirin yana da matsalolinsa, asibitoci kan koka da jinkirin biya, amma kuɗin yana da suna da adireshi.

Irin wannan ɗauri ake buƙata a nan: doka a kowace jiha da za ta yanke wani kaso na kuɗin wata-wata kafin ya isa teburin gwamna, ta tura shi ga cibiya guda mai ungozoma da magani da lantarki a kowace mazaɓa, ta mai da awon ciki da haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 haƙƙin da za a iya kai ƙara a kansa. Ta kuma tilasta buga abin da aka saki kowane wata uku, domin wasu jihohi sun iya rubuta kashi 15 a takarda, sakin kuɗin ne ke gagararsu. Babu majalisar jihar da ke buƙatar izinin Abuja kafin ta yi wannan doka, kamar yadda Kano da Kaduna ba su nemi izinin Legas ba a 1979.